Masu Bin Layi da Masu Hawa Falwaya: Tarihin Ma'aikatan Wutar Lantarki a Arewacin Nijeriya

Sana'ar wutar lantarki ta kasu gida uku, wato samar da wutar a tasha, da dakonta ta manyan layuka zuwa nesa, da kuma rarraba ta ga gidaje da masana'antu, kuma a kowane gida daga cikin ukun akwai ma'aikatan da ke zaune a ofis suna zane da lissafi, akwai kuma waɗanda aikinsu yake a waje, a gindin inji ko a kan turken ƙarfe ko a tsakiyar daji. An saba ba da tarihin lantarki a Nijeriya ta hanyar jera sunayen hukumomin da suka gaji juna da adadin wutar da kowace tasha za ta iya samarwa, amma irin wannan tarihi ba ya bayyana dalilin da ya sa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri suke kwana cikin duhu a ranar da tashoshin suke aiki lafiya lau. Dalilin yana cikin nisa. Mafi yawan wutar da ake sha a Arewa ana samar da ita ne a madatsun ruwan Jihar Neja ko a tashoshin iskar gas na Kudu, ta kuma yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci kafin ta iso, don haka tarihin wuta a wannan yanki, fiye da na kowane yanki na ƙasar, tarihi ne na mutanen da suka kafa layukan da waɗanda suke bin su suna gyarawa.

An fara kunna wutar lantarki a Legas a ƙarshen ƙarni na 19, da ƙananan injuna biyu waɗanda duka ƙarfinsu bai wuce kilowat 60 ba, a ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka. A Arewa kuwa hanyoyi biyu wutar ta biyo. Ta farko ita ce ta haƙar kuza a tsaunukan Jos, inda buƙatar injunan haƙa da na tura ruwa ta sa aka gina tashoshin da ruwa ke juyawa a Kwall da kuma Kurra, aka kafa kamfanin NESCO a 1929 domin gudanar da wannan aiki. Ta biyu ita ce ta hukumomin En'e, musamman ta Kano, wadda ta samar wa birnin ruwan famfo da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A wancan lokaci kowane gari da ke da wuta tsaye yake da ƙafarsa, ba a haɗa shi da wani ba, kuma daga ɗakin inji zuwa fitila ta ƙarshe tafiya ce da ma'aikaci zai iya yi a kan keke. Injiniyoyin Turawa ne, 'yan ƙasa kuwa leburori ne masu haƙa rami da ɗaga falwaya, sai 'yan ƙalilan da suka koyi haɗa waya ta hanyar tsayawa kusa da mai gida suna miƙa masa filaya, kamar yadda ake koyon kowace sana'ar hannu a ƙasar Hausa.

Dokar da aka yi a 1950 ta kafa hukumar ECN, wadda ta fara aiki a 1951, ta kuma karɓi tashoshin gwamnati da na En'e ta haɗa su a hannu ɗaya, ko da yake an bar NESCO da nata. A ƙarƙashin ECN ne aikin waje ya zama sana'a mai matakai da jarrabawa, inda aka bambanta mai aikin layi da mai haɗa kebul na ƙarƙashin ƙasa da mai kula da taransifoma da mai gwajin mita, aka kuma fara ɗaukar samari daga makarantun koyon sana'a. Makarantar fasaha ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1956 ta kuma zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, da sashen injiniyanci na Zariya wanda ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, su ne manyan wuraren da Arewa ta fara samun nata ƙwararru. Duk da haka adadinsu bai kai ya kawo ba, kuma hakan ya fito fili a rikicin 1966, lokacin da ɗimbin ma'aikatan fasaha 'yan asalin Gabas suka bar garuruwan Arewa, aka wayi gari hukumar wuta da ta jirgin ƙasa da ta gidan waya duk suna neman wanda zai riƙe aikin da aka bari. Matasa da yawa waɗanda ba su gama goge hannu ba sun sami kansu a kan nauyin da ya fi shekarunsu, kuma daga cikinsu ne aka sami manyan ma'aikatan da suka riƙe layukan Arewa a shekaru talatin da suka biyo baya.

Babban abin da ya sauya fasalin aikin gaba ɗaya shi ne madatsar ruwa ta Kainji. An kafa Hukumar Madatsun Kogin Neja a 1962, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin ginin a 1964, haɗakar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ta yi kwangilar, aka kammala a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Wurin da aka zaɓa daji ne mai nisa da kowane babban gari, a ƙasar Borgu, kusa da gangaren ruwan Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, saboda haka kafin a zuba kankare na farko sai da aka gina hanya da sansanin ma'aikata da asibiti da wurin fasa dutse. Dubban mutane daga kowane sashe na Nijeriya sun yi aiki a wurin dare da rana, wasu a ramin harsashi bayan an karkatar da kogin, wasu a kan katakon zuba kankare, wasu kuma a ɗakin da aka girka injunan da ruwa ke juyawa. An tsara tashar ne domin injuna goma sha biyu, amma takwas aka girka, waɗanda ƙarfinsu a haɗe ya kai megawat 760, kuma megawat ɗaya shi ne kilowat dubu. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya haɗiye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, aka tayar da mutane fiye da dubu arba'in aka sake musu matsuguni, abin da ya nuna tun daga farko cewa injiniyan da ke aiki a waje ba da ƙarfe da siminti kawai yake mu'amala ba, da gonaki da makabartu da masu su yake yi.

Shi kansa kogin sai da masu kula da tashar suka koyi halinsa. Ruwan Neja a Kainji yana cika sau biyu a shekara: akwai farar ambaliya, wadda ke zuwa a ƙarshen damina ɗauke da laka daga ruwan saman da ya sauka a kusa, akwai kuma baƙar ambaliya, wadda ta samo asali daga tsaunukan Gini, ta daɗe tana ratsa fadamun ƙasar Mali har lakarta ta kwanta, sannan ta iso a tsakiyar rani. Wanda ke riƙe da ƙofofin madatsar dole ne ya auna tsakanin ajiye ruwan da zai juya injuna har zuwa damina mai zuwa da kuma sakin wanda zai hana tafkin tumbatsa, yana sane da cewa duk abin da ya saki zai bi ta kan gonakin mutanen da ke ƙasa da shi.

Wutar da aka samar a Kainji ba ta da amfani sai an kai ta inda ake buƙata, kuma a nan ne aka shiga zamanin layuka masu ƙarfin kilobolt 330. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta a cikin waya, kilobolt kuma bolt dubu ne, kuma dalilin ɗaga ƙarfin har zuwa wannan matsayi shi ne cewa asarar da ake yi a hanya, wadda ke fita a matsayin zafi a jikin waya, tana ƙaruwa ne da yawan wutar da ke gudana, ta yadda idan aka ninka yawan sau biyu asarar za ta ninka sau huɗu. Idan aka ɗaga ƙarfin turawa kuwa, sai a kai aiki iri ɗaya da wuta kaɗan mai gudana. Daga Kainji layi ya sauka Jebba, daga nan ya rabu, wani ya nufi Oshogbo da Legas, wani ya haura zuwa tashar Mando a Kaduna, daga baya aka miƙa shi zuwa Kumbotso a Kano, tazarar kimanin kilomita 230, da kuma Jos da Gombe, yayin da wani layin mai tsawon kimanin kilomita 310 ya tashi daga Kainji kai tsaye zuwa Birnin Kebbi. A kowace babbar tasha taransifoma yana sauke ƙarfin zuwa kilobolt 132, sannan 33, sannan 11, har ya kai ga bolt 415 da ke kan falwayar unguwa, wanda daga cikinsa ake ja wa kowane gida nasa.

Kafa irin wannan layi aiki ne da ke farawa da masu awo, waɗanda suke ratsa daji da ƙafa suna kafa alama a inda kowane turke zai tsaya, suna kauce wa fadama da dutse da gari gwargwadon iko. Bayansu masu sara ne, domin doka ta tanadi a bar fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin kilobolt 330, da mita 30 a ƙarƙashin na 132, ba gini ba doguwar bishiya. Sai masu haƙa harsashin ƙafafu huɗu na turken, sai masu ɗaura ƙarafa ɗaya bayan ɗaya da noti har turken ya kai tsayin da ya fi na rimi, sai kuma masu jan waya, waɗanda nasu aikin ya fi kowanne buƙatar lissafi. Wayar alminiyam ce mai zuciyar ƙarfe, tana miƙewa idan ta yi zafi tana kuma tsukewa idan ta yi sanyi, saboda haka idan aka ja ta da yawa za ta iya tsinkewa da asubahin hunturu, idan kuma aka sassauta ta da yawa za ta sauko kusa da ƙasa a zafin bazara lokacin da take ɗauke da kaya mai nauyi. Injiniyan da ke tsaye a wurin yana duba zafin ranar da ake aikin da tazarar da ke tsakanin turke da turke, wadda takan kai kimanin mita 400, kafin ya ce a ɗaure. Kuskuren da aka yi a wannan rana ba ya bayyana nan take, sai bayan shekaru, a lokacin da wanda ya yi shi ya riga ya bar wurin.

A ranar 1 ga Afrilu 1972 aka haɗe ECN da Hukumar Madatsun Kogin Neja aka samar da NEPA, wadda sunanta ya zauna a bakin jama'a har ya zama duk wanda aka gani da tsani da hular kwano ɗan Nepa ake kiransa, ko da kuwa hukumar ta daɗe da rushewa. A zamaninta ne aka ƙara Jebba a 1985 da Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, aka kuma gina babbar tashar Egbin a kusa da Legas, kuma a zamaninta ne bin layi ya zama aikin yau da kullum. Bin layi na nufin tawagar ma'aikata ta ɗauki wani yanki na layin ta bi shi turke bayan turke, a mota inda hanya ta yarda, a ƙafa inda ta ƙi, ana duba ko noti ya kwance, ko tsatsa ta ci ƙarfe, ko zaizayar ƙasa ta tone harsashi, ko kuma ɗaya daga cikin fayafayan tangaran da ke raba waya da jikin turke ya fashe. Kowane lokaci na shekara da irin tasa fitinar. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan tangaran, kuma da zarar raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai ta zama hanyar da wuta za ta bi ta tsallaka zuwa turke, layin ya faɗi. Da rani masu ƙona daji domin farauta ko sharar gona sukan tayar da harshen wuta da hayaƙi a ƙarƙashin layi, kuma iska mai zafi da toka tana sauƙaƙa wa wutar lantarki tsallakawa tsakanin waya da waya. Da farkon damina kuwa, guguwar da ke gaban hadari ita ce ke karya falwayoyin katako waɗanda gara ta riga ta cinye gindinsu, wanda shi ne dalilin da ya sa na siminti suka maye gurbinsu a yawancin garuruwa, ga kuma tsawa da ke faɗa wa layi a daji inda babu abin da ya fi turke tsayi. Idan layi ya faɗi cikin dare, na'urar kariya da ke tasha takan nuna kusan nisan da matsalar take, amma gano ainihin turken sai an je, ko da rafi ya cika.

Haɗarin sana'ar shi ne ya haifar da ƙa'idojinta, kuma mafi girmansu ita ce takardar izinin aiki. Ba a taɓa babban layi sai mai kula da tasha, da sanin cibiyar da ke sarrafa wutar ƙasa baki ɗaya a Oshogbo, ya buɗe makashin wutar, ya raba layin da tashar ta yadda ido zai ga ratar, ya kulle, ya ɗaure layin da ƙasa, sannan ya sa hannu a takarda ya miƙa wa shugaban tawaga, kuma ba za a mayar da wutar ba sai wannan shugaba ya dawo da takardar ya tabbatar cewa ya ƙirga mutanensa duk sun sauko. Ko bayan wannan, ma'aikatan sukan gwada wayar su sake ɗaure ta da ƙasa a daidai inda suke aiki, domin layin da aka kashe yakan ɗebi wuta daga ɗan'uwansa mai rai da ke tafiya kusa da shi a kan turke ɗaya, ba tare da sun taɓa juna ba, kuma abin da ya ɗiba ya isa ya kashe mutum. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauki wannan duka a matsayin jan ƙafa irin na ma'aikatan gwamnati, musamman idan unguwarsa ce ke cikin duhu, alhali da yawa daga cikin rayukan da aka rasa a sana'ar an rasa su ne a ranar da aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan matakai domin a yi sauri.

Layukan ba su tsaya a kan iyaka ba. A 1976 aka fara tura wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai ta layin kilobolt 132, daga baya kuma aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa domin ciyar da Maraɗi da Damagaram, ta yadda ma'aikatan NEPA da na kamfanin NIGELEC na Nijar, wanda aka kafa a 1968, suka zama masu kula da waya ɗaya daga kai biyu, ɗaya ya yi karatu da Ingilishi ɗaya da Faransanci. Nijar ta daɗe tana dogara da wannan hanya wajen samun mafi yawan wutarta, abin da ya bayyana sarai lokacin da Nijeriya ta yanke layin a watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, ba a kuma mayar ba sai a watan Maris 2024.

Abin da ya ja mutane zuwa wannan aiki duk da wahalarsa ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1970 ma'aikacin NEPA yana da albashi tabbatacce da fansho da asibiti, a wurare irin su Kainji kuma yana da gida a rukunin ma'aikata da makarantar 'ya'yansa, kuma hukumar tana da nata cibiyoyin horo inda ake mayar da shi lokaci zuwa lokaci ya ƙaro sani. Akwai kuma wata daraja da albashi ba ya sayowa, wadda ta fi fitowa a lokacin da gwamnatocin jihohi suka kafa hukumomin kai wuta karkara, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki shirin haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da babban layi a farkon shekarun 1980. Tawagar da ta kai wuta gari a karon farko tana ganin sakamakon aikinta da idonta cikin 'yan watanni: injin niƙa ya koma na lantarki, mai walda ya buɗe rumfa, asibiti ya sami firjin ajiye allurar rigakafi, ana jin kiran salla daga lasifika. Injiniyoyi kaɗan ne a wasu fannoni suke samun irin wannan shaida a fili. Haka kuma ilimin da ake samu a waje daban yake da na aji, domin mai digiri da ya fito daga Zariya yakan tarar cewa tsohon mai aikin layi da bai wuce firamare ba yana gane taransifoman da ya ɗauki kaya fiye da ƙima daga ƙararsa da warin mansa, kuma injiniyan da ya yi hankali yakan mayar da kansa ɗalibi a shekarunsa na farko.

Lalacewar al'amura ta fara ne da faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, ta kuma tsananta bayan karya darajar naira a 1986, saboda kusan duk kayan gyara daga waje ake sayo su. Garuruwa suna ta faɗaɗa, kuɗin gyara yana ta raguwa, sai ma'aikata suka koma cire kayan wani inji da ya mutu su raya wani, suna ɗaura waya a inda ya kamata a sa fis na gaskiya, suna kuma raba wuta tsakanin unguwanni bi da bi domin kada taransifoma ya ƙone. A watan Oktoba 1988 manyan ma'aikatan hukumar suka shiga yajin aiki wanda ya jefa ƙasar cikin duhu na kwanaki, kuma gwamnatin soja ta Ibrahim Babangida ta gurfanar da goma sha ɗaya daga cikinsu a gaban kotun musamman, aka yanke musu ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta hukuncin aka kuma yi musu afuwa. Daga wannan zamani ne dangantakar ma'aikacin wuta da jama'a ta ɓaci. Mutanen unguwa suka fara karo-karo su sayi waya da man taransifoma, wani lokaci har da taransifoman kansa, aka sami masu hawa falwaya na bayan fage waɗanda ba su da horo ba su da izini, satar wuta ta yawaita, cin hanci kuma ya shiga tsakanin wasu ma'aikata da masu neman a mayar musu da layin da aka yanke. Yaɗuwar janareto ta kawo wani sabon haɗari, domin idan mai gida ya tayar da nasa ba tare da ya raba gidansa da layin waje ba, wutar takan koma baya ta bi waya, ta ratsa taransifoma ta ƙaru, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana da tabbacin cewa layin a kashe yake.

Dokar gyaran fannin wuta ta 2005 ta rushe NEPA ta kafa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya, aka rarraba ta zuwa kamfanoni 18, shida na samarwa, ɗaya na dako wato TCN wanda ya zauna a hannun gwamnati, da goma sha ɗaya na rarrabawa, waɗanda aka miƙa mafi yawansu ga 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba 2013. A Arewa an sami na Kano da na Kaduna da na Jos da na Yola da na Abuja. An sallami dubban ma'aikata aka biya su haƙƙoƙinsu, wasu aka sake ɗaukarsu bisa sababbin sharuɗɗa, aikin wucin gadi da na 'yan kwangila ya ƙaru, kuma da tafiyar tsofaffin hannu aka yi asarar wani ilimi da ba a rubuce yake ba, kamar sanin inda kebul ya bi a ƙarƙashin tsohuwar unguwa. An kafa cibiyar horo ta NAPTIN a 2009 a kan tsofaffin makarantun hukumar, aka kuma kafa NEMSA domin duba ingancin kayan aiki da na haɗi, amma nauyin tara kuɗi ya sauka a kan ma'aikacin waje fiye da da, ta yadda mutumin da aka horar domin gyara shi ne kuma ake turawa da tsani ya yanke wutar wanda aka rubuta wa kuɗin ƙiyasi ba tare da mita ba. Shi ake zagi, shi ake jifa, wani lokaci shi ake sauke wa tsani yana sama, alhali bai sa farashi ba bai kuma raba wutar ba.

Matsalar tsaro ta ƙara wa aikin wani nauyi da waɗanda suka kafa layukan ba su taɓa tunaninsa ba. A watan Janairu 2021 masu tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin kilobolt 330 da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, ma'aikatan TCN suka shiga gyara da rakiyar sojoji, nakiyar da aka binne a hanya ta tashi da motar wasu daga cikinsu ta ji musu raunuka, kuma 'yan kwanaki bayan an mayar da wutar a watan Maris aka sake tarwatsa turakun, birnin ya shafe watanni cikin duhu, daga baya kuma aka gina masa tashar gas ta gaggawa mai megawat 50 wadda aka buɗe a 2023. A watan Oktoba 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda babu wuta, saboda an riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da 'yan bindiga suka hana shiga, sai ɗaya hanyar da ta rage, wadda ta taso daga Ugwuaji a Enugu zuwa Apir a Binuwai, ita ma ta faɗi. A duka lokutan biyu tashoshin samar da wuta ba su sami matsala ba, kuma ƙwararrun da za su yi gyaran suna nan. Abin da ya gagara shi ne isa gindin turke da dawowa lafiya. Wannan ya tona raunin da ke cikin tsarin tun asali, wato manyan biranen Arewa suna rataye ne a kan layuka 'yan kaɗan masu tafiya ɗoɗar, babu isassun hanyoyin zagaye da wuta za ta bi idan ɗaya ya yanke.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon kafa nasu kasuwannin wuta da hukumomin da za su sa musu ido, kuma ƙananan tashoshin hasken rana masu ciyar da ƙauye ɗaya ko kasuwa ɗaya suna ƙaruwa a Arewa, abin da ke mayar da wani sashe na aikin zuwa irin fasalin da yake da shi a zamanin En'e, lokacin da tasha da mai shan wutar suke gari ɗaya. Sai dai waɗannan ma suna da falwaya da waya da taransifoma, suna kuma da batura da faifan da ƙurar hunturu ke rufewa, kuma ƙwarewar mai aikin layi aba ce ta shekaru, ba ta makonni ba. Jihohin da suke shirin karɓar ragamar wuta ya kamata su sa kuɗin horar da masu aikin layi, da na ɗamarar tsaro da safar hannu da sandar gwaji da inshorar rayukansu, a cikin kasafi ɗaya da na sayen taransifoma, su kuma hana duk ɗan kwangilar da bai tanadi waɗannan ba tura yaron kowa kan falwaya.